Gwajin Ingancin Matunkuɗan Albarushi na Fiyus da Na'urori Masu Sarrafa Kansu

1.0 Gabatarwa

Matunkuɗin albarushi wata 'yar ƙaramar na'ura ce da ake sakawa a cikin fiyus, wato kan nan da ke tayar da harsashin igwa ko roka ko bom. Da yawa daga cikinsu ba su kai tsawon gaɓar yatsa ba. A cikin kwanson ƙarfe akwai siririyar waya da ake kira wayar gada, da ɗan albarushi da ke manne da ita, da fistin. Idan lantarki ya bi ta wayar sai ta yi zafi, albarushin ya kama, iskar da ya fitar ta tunkuɗa fistin gaba da 'yan milimita. Wannan ɗan motsi shi ke zare sakata, ko ya juya wani faifai, ko ya haɗa makunnin lantarki a cikin fiyus. Matunkuɗi ba ya fasa harsashi da kansa, kuma wanda aka ƙera daidai ba ya tarwatsewa ko ya fitar da wuta waje.

Matsalar gwajinsa irin ta ashana ce. Ba a tabbatar da cewa tsinken ashana zai kama sai an ƙyasta shi, kuma da an ƙyasta ya gama amfani. Duk matunkuɗin da ya shiga fiyus ya tafi rumbun makamai, ba a taɓa ganin aikinsa ba. Waɗanda aka ga aikinsu sun ƙone a ɗakin gwaji.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana yadda na'urori masu sarrafa kansu ke rage wannan giɓi, ta rarrabe abin da suke aunawa kai tsaye da abin da ake ƙiyastawa daga awonsu, sannan ta nuna inda ƙiyasin ke da rauni. Ra'ayin da take karewa shi ne, babbar fa'idar na'urar ba ta ga sauri take ba. Fa'idarta ita ce mayar da hukuncin "ya tashi" ko "ya ƙi tashi" zuwa adadi da ake iya ajiyewa da kwatantawa.

2.0 Bitar ayyukan da suka gabata

Tarihin makamai ya nuna tsadar rashin gwaji tun kafin a tsara ilminsa. Rundunar ruwan Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu da tofido samfurin Mark 14 mai ɗauke da fiyus samfurin Mark 6, wanda saboda tsada da sirri ba a gwada shi yadda ya kamata a kan jirgi na gaske ba. Ranar 24 ga Yulin 1943 jirgin ƙarƙashin teku mai suna Tinosa ya harba tofido 15 a kan wani katafaren jirgin dakon mai na Japan, biyu kaɗai suka fashe. Sai bayan haka aka riƙa harba tofidon a kan duwatsun tsibirin Kahoolawe na Hawai, aka kuma riƙa sako kawunansu daga kan injin ɗaga kaya zuwa kan farantin ƙarfe. A nan aka gano cewa allurar da ke bugun abin tayarwa tana maƙalewa idan tofidon ya bugi jirgi a miƙe, wato a daidai harbin da aka koya wa sojoji cewa shi ne mafi kyau. An shafe kusan wata 21 ana yaƙi kafin a gyara aibin.

Masana sun bi hanya biyu wajen tunkarar matsalar. Ta farko ita ce ta ƙirga. Walter Shewhart ya fito da jadawalin sa ido kan inganci a 1924, abokan aikinsa Harold Dodge da Harry Romig suka tsara jadawalin ɗibar samfuri daga rukunin kaya don yanke hukuncin karɓa ko mayarwa. Leslie Simon, jami'in sashen makamai na sojan Amurka, ya shigar da waɗannan dabaru cikin aikin albarusai, ya wallafa littafi a kansu a 1941. Abraham Wald ya ƙirƙiro gwajin bi-da-bi a 1943, inda ake tsayawa da zarar hujja ta isa, domin a rage yawan kayan da ake ƙonawa. Daga wannan zuri'a aka samu ƙa'idar MIL-STD-105 ta 1950, wadda aka soke a 1995 bayan ƙa'idojin farar hula sun gaje ta.

Hanya ta biyu ita ce ta awo. A ɗakin binciken abubuwan fashewa na Bruceton da ke jihar Pennsylvania aka fara dabarar hawa-da-sauka a lokacin yaƙin, Dixon da Mood kuma suka wallafa lissafinta a 1948. Langlie ya kawo tasa dabarar a 1962, Barry Neyer ya kawo wata a 1994 wadda kwamfuta ke zaɓar matakin kowane gwaji. Ta fuskar lantarki, Louis Rosenthal ya tsara lissafin yadda wayar gada ke ɗaukar zafi da yadda take zubar da shi, kuma shi da Vincent Menichelli suka gina gwajin da ba ya lalata kaya a kan wannan lissafi. Laurence Bement da Morry Schimmel, a littafin jagora da hukumar NASA ta fitar a 1995, sun soki dogaro da ƙirgar nasara kaɗai. A ganinsu, na'urar da ta yi aiki sau ɗari tana iya kasancewa a bakin gazawa duk sau ɗarin, kuma ƙirga ba za ta nuna hakan ba. Wannan maƙala ta fi karkata ga ra'ayinsu.

3.0 Hanyar nazari

An kasa gwaje-gwajen gida uku: waɗanda ake yi wa kowane matunkuɗi ba tare da an lalata shi ba, waɗanda ke cinye samfuri, da waɗanda ke kwaikwayon muhalli. A kowane gida an duba abin da ake aunawa, da aibin da awon ke kamawa, da wanda ke kuɓuce masa. An dogara da ƙa'idojin da aka wallafa a fili, musamman MIL-STD-1316 da MIL-STD-331 na Amurka da STANAG 4187 na ƙungiyar NATO. Alƙaluman da aka kira misali na lissafi ne kawai, ba na wata masana'anta ba ne.

4.0 Buƙatu biyu masu karo da juna

Ƙa'idar MIL-STD-1316 ta wajabta wa fiyus makullai biyu aƙalla, masu zaman kansu, waɗanda kowannensu ke buɗewa da wani yanayi dabam da ba ya samuwa sai an harba makamin. A harsashin igwa, misali, akwai fizgar da yake sha lokacin fita da kuma juyawar da yake yi a iska. Ƙa'idar ta kuma ce yiwuwar fiyus ya buɗe kansa kafin lokacinsa kada ta wuce ɗaya cikin miliyan. A fiyus da yawa na zamani matunkuɗi ne ke buɗe ɗaya daga cikin makullan nan bisa umarnin da'irar lantarki.

Saboda haka ana neman abu biyu daga gare shi. Kada ya tashi da ɓataccen lantarki, kuma kada ya ƙi tashi da lantarkin da aka tanadar masa. Na farko ana kiransa matakin ƙin-tashi, na biyu matakin tabbas-tashi. Sanannen ma'aunin ƙin-tashi shi ne amfiya 1 da wat 1 na tsawon minti 5 ba tare da na'urar ta kama ba, kuma wannan ne ya sa wayar gada ta irin waɗannan na'urori take da turjiya kusan om 1. Ƙananan matunkuɗan fiyus masu ɗan batir sukan tashi da abin da bai kai haka ba, don haka sukan dogara da kariyar da'ira. Hatsarin ɓataccen lantarki ba zato ba ne. Ranar 29 ga Yulin 1967 wata roka samfurin Zuni ta tashi daga jikin jirgin yaƙi da ke ajiye a kan jirgin ruwan Forrestal sakamakon tsallen lantarki, gobarar da ta biyo baya ta kashe mutum 134.

Duk gyaran da zai sa matunkuɗi ya fi saurin kamawa yana rage masa kariya, duk wanda zai ƙara masa kariya yana sa shi nauyin tashi. Aikin gwaji shi ne tabbatar da cewa kowane rukuni ya tsaya a tsakanin iyakokin biyu.

5.0 Gwajin da ba ya lalata kaya

5.1 Awon lantarki

A layin gwaji na zamani, kowane matunkuɗi yana zaune a gurbinsa a kan faranti, yana ɗauke da lamba ko shaidar rukuni, farantin kuma yana bin tasha bayan tasha a bayan garkuwa. Tashar farko tana auna turjiyar wayar gada. Da yake turjiyar ƙarama ce, wayoyin na'urar awon da wurin da alluranta ke taɓa ƙafafun matunkuɗin suna iya ƙara kuskuren da ya kai rabin tazarar da aka yarda da ita. Maganin wannan shi ne awo da waya huɗu, dabarar da ake jinginawa ga Lord Kelvin: biyu na kai lantarki, biyu na karanta ƙarfinsa a jikin ƙafafun. Lantarkin awon kansa ana taƙaita shi, galibi kada ya wuce miliamfiya 10 ko kashi ɗaya cikin goma na matakin ƙin-tashi, kuma taƙaitawar a jikin da'irar take, ba a bar wa manhaja ita ba.

Tasha ta gaba tana duba ko akwai yoyon lantarki tsakanin ƙafafu da kwanso, sau da yawa da bolt 500. Ta nan ne tartsatsin jikin mutum ke samun hanyar shiga albarushi. Juriya ga tartsatsin kuma ana gwada ta a kan samfuri, da bolt 25,000 daga ma'ajin caji mai fikofarad 500 ta cikin turjiyar om 5,000, wanda shi ne kwaikwayon mutumin da ya tara caji a jikinsa.

5.2 Awon ɗumin waya

Awon turjiya yana nuna cewa wayar ba ta tsinke ba, amma ba ya cewa komai game da albarushin. Waya mai lafiya da albarushi ya janye daga jikinta za ta ba da adadi daidai da na wadda ke manne da shi. Gwajin Rosenthal ne ya toshe wannan kafa. Ana aika ɗan gajeren lantarki wanda bai isa tayarwa ba, wayar ta ɗan yi ɗumi, turjiyarta ta ɗan ƙaru, na'ura kuma ta zana yadda ƙaruwar ta gudana cikin 'yan milisakan. Wayar da albarushi ya danne sosai tana zubar masa da zafinta, don haka zanen yana hawa a hankali ya tsaya ƙasa. Wadda ke da iska a gefenta tana zafi da sauri ta haura sama. Waldar da ba ta kama da kyau ba takan bar tsalle ko karkarwa a zanen.

Wannan shi ne gwajin da ya fi kusa da ganin cikin matunkuɗi yana aiki ba tare da an ƙona shi ba, kuma mutum ba zai iya yin sa da hannu a kan dubban kaya ba. Masana'antar jakar iska ta motoci, wadda ke ƙera abin tayarwa irin wannan miliyoyi a shekara, tana amfani da shi a layin ƙira. Sai dai yana da sharaɗi. Wasu wayoyin gada an yi su da gamin ƙarfen da turjiyarsa ba ta cika canjawa da zafi ba, don haka alamar da ake nema 'yar mitsitsiya ce, kuma hayaniyar lantarkin masana'anta na iya rufe ta. Iyakar karɓa da mayarwa ma ba ta zuwa daga littafi. Sai an ƙera matunkuɗai masu aibi da gangan, an auna su, an harba su, sannan a san wane zane ne ke nufin gazawa.

5.3 Yoyo da hoto

Laima ita ce babbar abokiyar gabar albarushi a ajiya, shi ya sa ake rufe ƙafafun da gilashi a kuma yi wa kwanson walda. Ana gwada rufin da iskar hiliyom: a sa kayan cikin tukunya mai matsin hiliyom na wani lokaci, a fitar da su zuwa wurin da aka zuƙe wa iska, na'ura ta shinshina abin da ke fitowa. Akwai tarko a nan. Idan ramin babba ne, hiliyom ɗin yana ficewa kafin a kai kayan tashar awo, sai mafi munin kaya ya ci jarrabawa. Don haka ake haɗa shi da gwajin babban yoyo na dabam, kuma ake ƙayyade lokacin da ke tsakanin tukunya da awo. Na'ura ta fi mutum riƙe wannan lokaci.

Hoton eksire yana nuna zaman ƙarafa: ko fistin ya karkace, ko an manta wani ɓangare. Albarushi da robar toshiya kuwa ba sa fita sosai a bayan ƙarfe, sai da hoton niyutiron, wanda ke ratsa ƙarfe ya tsaya a kan abubuwa masu sinadarin haidirojin. An daɗe ana amfani da shi ga kayan kumbon sararin samaniya, amma yana bukatar tushen niyutiron mai tsada, don haka bai dace da kayan da ake ƙerawa dubu-dubu ba. Manhajar da ke karanta hoto ta kawar da gajiyar ido, ta kuma kawo tata matsalar: a masana'anta mai kyau hotunan kaya masu aibi kaɗan ne, manhajar kuwa ba ta gane aibin da ba a taɓa nuna mata irinsa ba.

6.0 Gwajin da ke cinye samfuri

6.1 Abin da ƙirga ke iya tabbatarwa

Lissafin a nan ba shi da sassauci. Don a ce, da yaƙinin kashi 95 cikin ɗari, na'ura za ta yi aiki sau 99 cikin 100, sai an harba 299 a jere babu gazawa ko ɗaya. Don a ce sau 999 cikin 1,000, sai an harba 2,995. Ɗaya cikin miliyan kuwa zai ci kusan miliyan uku, abin da ya sa wannan adadi ba a tabbatar da shi da harbi, sai da nazarin tsarin makullai masu zaman kansu.

Ta ɗaya ɓangaren, rukunin da kashi 1 cikin ɗari na kayansa ke da aibi zai tsallake samfurin guda 50 kusan sau 6 cikin 10. Samfurin 50 da babu gazawa a cikinsa ba ya tabbatar da komai fiye da cewa, da yaƙinin kashi 95 cikin ɗari, aibin bai kai kashi 6 cikin ɗari ba. Gwajin karɓar rukuni yana kama babbar ɓarna, kamar albarushin da ya jiƙe ko injin da ya kauce, amma ƙaramin aibi yana wuce shi. Ya kuma dogara da zaton cewa rukunin iri ɗaya ne. Idan an canja buhun albarushi ko naɗin waya a tsakiyar aiki, rukuni biyu ne ke ɗauke da suna ɗaya.

6.2 Neman matakin tashi

Dabarar Bruceton mai sauƙi ce. A gwada matunkuɗi da wani matakin lantarki. Idan ya tashi a sauko da taki ɗaya ga na gaba, idan ya ƙi a hau taki ɗaya. Bayan 'yan gomiya na gwaji sakamakon yana kewaya matakin da rabin kaya ke tashi. Daga nan ake ƙiyasta matsakaici da bazuwa, wato nisan da matakin tashin kayan ke yi daga matsakaicin, a miƙa lissafin zuwa gefe biyu don samun ƙin-tashi da tabbas-tashi. Dabarar tana gane matsakaici da kyau. Bazuwa ce take yi wa rauni, musamman idan girman takin bai dace ba, kuma a ƙaramin samfuri ƙiyasin yakan fito ƙasa da gaskiya.

Misali zai nuna nauyin wannan. A ɗauka matsakaici amfiya 1.8 ne, bazuwar da aka ƙiyasta kuma 0.10. Lissafi zai ce a amfiya 2.11 kaya 999 cikin 1,000 za su tashi. Idan bazuwar gaskiya 0.15 ce, a wannan mataki 98 cikin 100 ne kawai za su tashi. Kuskuren 0.05 ya ninka gazawa sau ashirin. Dabarar Neyer ta rage wannan rauni domin bayan kowane harbi kwamfuta na sake lissafi ta zaɓi matakin da zai fi ba da sabon bayani game da matsakaici da bazuwa tare, abin da ya dace da teburin gwajin da ke saita lantarkinsa da kansa. Amma dukansu suna zaton cewa kayan na bin rabon ƙididdiga guda. Guda ɗaya cikin dubu da aka manta zuba masa albarushi ba ya cikin wannan rabo, kuma babu lissafin da zai hango shi. Awon nauyi da hoto na kowane guda ne ke kama irinsa.

6.3 Auna ƙarfin tunkuɗa

A nan ne na'ura ta fi canja aikin. A da, mai gwaji yana duba ko fistin ya fito ya rubuta "ya yi". Teburin zamani yana rufe samfurin a akwatin ƙarfe, ya aika lantarki mai ƙayyadadden girma, ya naɗi kwararar lantarkin, da lokacin da wayar ta tsinke, da lokacin da fistin ya fara motsi, da nisan tafiyarsa, da ƙarfin da ya tura nauyin da aka sa masa. Ga na'urorin da ke ba da iska kawai, ana harba su cikin rufaffen kwano mai sanannen girma, galibi santimita kubik 10, a zana hawan matsi. Duk abin yana ƙarewa cikin 'yan milisakan.

Da waɗannan adadi ake lissafin rata, wato bambancin ƙarfin da matunkuɗi ke bayarwa da wanda sakatar ke bukata kafin ta zare. A fannin kumbon sararin samaniya an saba gwada na'ura da albarushin da aka rage da gangan zuwa kashi 80 ko 85 cikin ɗari don a ga ko za ta yi aiki, da wanda aka ƙara don a ga ko kwanson zai jure. Rukuni biyu na iya cin jarrabawa ɗari bisa ɗari alhali ratar ɗaya ta ragu da rabi. Jadawalin Shewhart na nuna wannan zamewa watanni kafin gazawa ta farko ta bayyana. Kuma idan an riƙe lambar kowane guda, ana iya komawa a haɗa zanen ɗumin wayarsa da lokacin tashinsa, a ga ko awon da ba ya lalata kaya yana faɗin gaskiya game da aiki. Wannan haɗi shi ne hujjar da ke bayan kayan da ba a harba ba.

7.0 Kwaikwayon muhalli

Ƙa'idar MIL-STD-331 ta tanadi jerin wahalhalu ga fiyus: jijjiga ta sufuri, gwajin girgiza da na wuntsilawa cikin akwati, sakowa daga mita 1.5 da kuma daga mita 12, kwana 28 na zafi da laima, da hazon gishiri. Bayan faɗuwar mita 12 ba a neman fiyus ya yi aiki, ana neman kada ya tashi kuma a iya zubar da shi lafiya. Harbin samfuri ana yin sa a sanyin digiri 54 ƙasa da sifili, da yanayin ɗaki, da zafin digiri 71. Adadin 71 ya fito ne daga zafin da kaya ke kaiwa a rufaffiyar ajiya a ƙasashe masu zafi da fari, inda iskar waje ke kai 49.

Wannan yanki na ƙa'idar ya shafi ƙasashen Sahel kai tsaye. A Sakkwato da Maiduguri da Yamai zafin bazara yana haura digiri 40 a inuwa, kwantenar ƙarfe a rana kuma ta fi haka nesa. Da hunturu laimar iska tana faɗuwa ƙwarai, busasshiyar iska kuwa tana taimaka wa jiki da tufa tara caji. Duk wurin da ake taɓa irin waɗannan kaya a wannan yanayi, har da Kaduna inda Nijeriya ta kafa hukumar ƙera kayan tsaro ta DICON a 1964, yana bukatar daɓe da takalma masu zubar da caji da kuma sarrafa laimar ɗaki. Tsohuwar dokar masu aikin albarushi ita ce mutane mafi ƙaranci, kusa da albarushi mafi ƙaranci, na lokaci mafi ƙaranci, kuma layin da ke aiki a bayan garkuwa yana cika ukun.

Tsufa ana kwaikwayonsa da gasa kaya a tanda na makonni, bisa lissafin Arrhenius da ke cewa zafi na hanzarta sauyin sinadari. Lissafin yana aiki idan hanyar lalacewa a tanda ita ce ta rumbu. Shi ya sa rundunoni ke ɗibar samfuri daga tsofaffin rukunai lokaci-lokaci su harba, kuma adadin da aka naɗa ranar ƙira su ne abin kwatance.

8.0 Iyakar abin da na'ura ke tabbatarwa

Na'urar awo ma tana zamewa. Allurai na cinyewa, ma'aunin matsi na tara toka. Masana'antu kan ajiye sanannun kaya masu aibi da marasa aibi, a bi da su ta layin a farkon kowane zubi na aiki. Idan layin ya karɓi mai aibi, duk abin da ya wuce tun gwajin baya ya zama abin tuhuma. Gwajin harbi yana da ƙarin wuya, domin ba a iya auna abu ɗaya sau biyu don a raba kuskuren na'ura da bambancin kaya.

Akwai kuma amanar bayanai. A 2017 kamfanin Takata na Japan ya amsa laifin zamba a kotun Amurka, ya yarda da biyan dala biliyan 1, bayan ya amince cewa an sauya sakamakon gwajin na'urorin hura jakar iska. Aibin yana cikin sinadarin da ke hura jakar, wanda zafi da laima ke lalatawa a hankali, kuma an janye kusan na'urori miliyan 67 a Amurka kaɗai. Gwajin ya nuna matsalar, rahoton ne ya ɓoye ta. Saboda haka ake son layin gwaji ya rubuta ɗanyen sakamako inda ba a iya gogewa, ya kulle kwandon kayan da aka mayar, ya kuma ƙirga sau nawa aka maimaita awo a kan guda ɗaya.

Iyaka ta ƙarshe ita ce tazarar filin gwaji da filin daga. Ƙananan bama-baman M85 ƙirar Isra'ila, irin waɗanda ake cusawa cikin bom mai 'ya'ya, suna da tsarin halaka kai idan sun ƙi tashi, kuma gwaje-gwajen fili sun nuna gazawar da ba ta wuce wajen kashi 1 cikin ɗari ba. Bayan yaƙin Lebanon na 2006, ƙungiyar agaji ta Norwegian People's Aid da cibiyar binciken tsaro ta ƙasar Norway da masanin kwance bama-bamai Colin King sun bi wuraren da aka harba su suka ƙirga. Rahotonsu na 2007 ya samu kusan kashi 10 cikin ɗari. A filin gwaji kayan na faɗuwa kan ƙasa mai tauri da sarari, daga rukunin da aka adana da kyau, a hannun ƙwararru marasa gaggawa. A kudancin Lebanon sun faɗa kan ƙasa mai laushi da gangare da bishiyoyi, wasu sun yi karo da juna a iska, abin da ya lalata fiyus da tsarin halaka kai lokaci guda. Rahoton ya fito ana tsakiyar tattaunawar da ta haifar da yarjejeniyar haramta bama-bamai masu 'ya'ya, wadda aka amince da ita a Dublin a watan Mayun 2008, aka sa mata hannu a Oslo a Disambar shekarar, ta fara aiki ranar 1 ga Agustan 2010. Masu tsara ta sun ƙi ɗaukar adadin gazawa a matsayin ma'aunin halacci, suka rubuta siffofin da dole makami ya kasance da su, ciki har da tsarin halaka kai na lantarki da kuma na mutuwar da'ira idan na farkon ya gaza.